Ranar da Na Auna wa Jirgin Sama Hanyar Mota

Na daɗe ina aikin malamin gona, na zauna a ƙauyuka da dama, kuma abubuwa da yawa da suka faru da ni sun bi ruwa, sai wani ya tuna min nake cewa af, haka fa aka yi. Amma akwai yammacin wata Talata da ko na so in manta ba zai yiwu ba. Duka-duka abin bai kai awa ɗaya ba, amma in na zauna ina iya jero shi minti bayan minti kamar jiya ya faru.

A lokacin an ba ni kula da wasu ƙauyuka ne a tsakanin Gwarzo da Kabo. Ban yi farin gashi ba tukuna, ina da babur na aiki da sabuwar waya mai taswira a ciki, kuma ina jin kaina sosai. Damina ta yi kyau a shekarar. Maiwa ta fitar da kai, dawa ta fara ƙosawa, shinkafar fadama kuwa ta sunkuya. Kowa ya fara gyaran rumbu, sai ga jan-baki.

Wanda bai taɓa ganin jan-baki ba zai raina shi, don ɗan tsuntsu ne da bai kai gwara ba. Yawansa ne bala'i. In suka taso da safe sai ka ce hadari ne ya haɗo, in kuma suka sauka a gona, kafin ka gama ihu sun bar maka zangarniya fayau. An ɗaura gwangwanaye a igiya, an kafa mutum-mutumi, manya da yara sun wuni a rana da majajjawa har muryoyi suka dushe, duk a banza. Har daga ƙauyukan Kara da Masanawa an aiko ana kuka. Da na bi sawunsu kwana uku, sai na gano inda suke kwana: wani kurmin kachala da bagaruwa a wutsiyar madatsar ruwan yankin, daf da mashayar shanu. Na rubuta rahoto na kai ofis, na koma na sake kaiwa, har dai aka ce an sa mu a layin jirgin feshi.

Ranar Talatar da safe ogana ya kira ni. Ya ce jirgin yana wani ƙaramin filin jirgi can gabas, inda ya kwana biyu yana aiki. Ƙarfe uku da rabi zai tashi, ya sauka a wani ƙaramin filin da ke arewa da mu, a zuba masa mai da magani, abin da ba zai wuce rabin awa ba, daga nan sai ya nufo mu. Aikina shi ne in tabbatar babu mutum babu dabba a wurin, don maganin guba ne. In wuri ya share, in shimfiɗa farin yadin da ofis ya ba ni a kan wani fa da ke gefen madatsar. Matuƙin jirgin in ya ga yadin zai yi feshi. In bai gani ba zai zagaya sau biyu ya juya abinsa, kuma gobe da asuba wata jihar zai wuce.

Na ce, "To Oga, ƙarfe nawa zai iso wajenmu?"

Ya ce, "Kai ba ka yi lissafi a makaranta ba? Matuƙin ya ce jirginsa kilomita uku yake ci a minti ɗaya. Auna nisan ka raba. Ni yanzu hanya zan kama in tarye shi a can."

Ban ga wahala a ciki ba. Na ɗauko waya na rubuta sunan garin farko da na biyu, ta ce kilomita ɗari uku da talatin. Na raba uku, ya ba ni awa biyu ba minti goma. Na rubuta gari na biyu da namu, ta ce ɗari da talatin da biyar, wato minti arba'in da biyar. Na haɗa da rabin awar shan mai, lissafi ya tsaya a kan shida da minti talatin da biyar. Na ji daɗin amsar, domin a sanina sai bayan magariba tsuntsayen ke gama natsuwa. Yanzu da nake tunawa, da na tsaya na yi nazari kaɗan da na gane cewa jirgin da zai koma ya sauka a filin da ba fitila ba zai yarda ya iso mana bayan rana ta faɗi ba. Amma amsar ta yi daidai da abin da nake so, ban ƙara waiwayarta ba.

Bayan azahar na samu mai unguwa a ƙofar gidansa tare da dattawa. Na ce kowa ya bar bakin ruwa kafin ƙarfe shida, kuma bayan feshi kwana uku ba mai ɗiba, ba mai wanki, ba mai shayar da dabba a wannan ɓangaren. Wani dattijo ya ce, "To Malam, kafin shidan fa? A bar mu mu shayar, mata su cika randuna?" Na ce masa ba komai, har na ƙara da cewa gara ma kowa ya je ya yi tanadi. Ladan ya sanar a lasifikar masallaci. Ka ga ke nan da bakina na tara jama'a a wurin, fiye da yadda suka saba taruwa kowace rana.

Da aka yi la'asar na hau fa ɗin na shimfiɗa yadin, na danne kusurwoyinsa da duwatsu. Na ce a raina gara in rage aiki, tunda kafin jirgi ya iso kowa ya daɗe da watsewa. Sai na ga ina da sauran lokaci, na biya gidan kawuna, wan mahaifiyata, wanda ke zaune a bayan ƙauyen. Asalinmu makiyaya ne, shi kuma ya bi shanu tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ƙi, sannan ya zauna ya kama noma. Bai taɓa shiga aji ba. Na same shi a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki da gajiya, ya miƙo min ƙwaryar fura. Ya ce Inna, wato matarsa, ta tafi bakin ruwa da ƙore da kayan wanki.

Ya ce, "Ɗana, shi wannan jirgin daga ina zai taso?"

Na faɗa masa sunayen garuruwan biyu. Ya yi murmushi ya ce duk ya san su, ya sha kora shanu daga wannan zuwa wancan lokacin da ƙafa ke ƙafa. Ni kuma don in burge shi, na buɗe wayar na nuna masa shuɗin layin da ya haɗa su. Ya matso da ita kusa da idonsa, ya ɗora yatsa yana bin layin a hankali. Da ya zo wani wuri ya tsaya.

"Wannan gwiwar fa? Me ya sa ya lanƙwasa ya gangaro nan?"

Na ce, "Nan Kano ce, Kawu."

Ya ɗago ya dube ni. "To me jirgin zai je yi a Kano? Fasinja zai ɗauka?"

Na yi dariya. Shi kuwa ya ci gaba da tufkarsa yana magana kamar ba komai. "Mu da muke tafe a ƙasa da garke ba mu taɓa bi ta Kano ba, yankewa muke. Mota ce ke neman kwalta da gada. Shi da yake sama, wace gada yake nema?"

Na sake duba wayar, sai ga ɗan hoton mota a saman layin, yana nan tun safe ban kula ba. Hanyar mota na auna wa jirgin sama.

A jakata akwai wata tsohuwar taswirar jihohin arewa da na gada daga wanda na karɓi aiki a hannunsa, duk ta yage a wajen ninki. Na baje ta a kan tabarma. Na zaro tsinke daga tsintsiyar da ke jingine a jikin tsamiyar, na ɗora shi daga gari na farko zuwa na biyu a miƙe, na karye shi daidai, na kai shi kan ma'aunin da ke ƙasan taswirar. Ɗari biyu da arba'in. Na sake gwadawa, bai canza ba. Na auna daga fili na biyu zuwa wajenmu, casa'in. Na yi lissafin a ƙasa da yatsa. Awa ɗaya da minti ashirin, da rabin awa, da wata rabin awar. Shida saura minti goma. Minti arba'in da biyar ke nan kafin lokacin da na ɗauka, kuma minti goma kafin lokacin da na ce wa mutane su watse. Na duba agogo, biyar da minti takwas. Yadin kuwa yana can a shimfiɗe yana cewa wuri a share yake, kuma wanda ke cikin kachala ko ƙarƙashin bagaruwa ba lalle a hango shi daga sama ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa min ba gudu ba ne. Wata murya ce ta ce min, ai komai namu da makara yake zuwa, wa ya taɓa ganin an tashi a kan lokaci? Ka je ka ɗan hanzarta mutanen bakin ruwa a hankali ba tare da ka ce komai ba, in Allah ya rufa asiri ba wanda zai sani. Ina jin kunyar faɗin wannan har yau, amma haka aka yi. Tunanin in tsaya gaban dattawan da ke ce min Malam in ce ban iya awo ba ya fi min nauyi, na ɗan lokaci, fiye da tunanin mutanen da ke bakin ruwa.

Kawu ya ajiye igiyar ya ce, "Fuskarka ta canza. Faɗa min."

Na faɗa masa. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai zage ni ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce, "Innarka tana can. Tashi babur."

Ina tuƙi ina kiran Oga da hannu ɗaya, wayarsa a kashe. Daga baya na ji cewa a wajen zuba mai an sa su kashe wayoyi. Muka isa fa ɗin biyar da minti ashirin. Na tallafi Kawu muka hau, na ture duwatsun na naɗe yadin. Nan na ɗan samu numfashi, don ko ba komai yanzu ba za a yi feshi a kan kowa ba. Sai dai wata damuwar ta maye gurbinta: in jirgi ya zo ya zagaya sau biyu bai ga yadi ba, shi ke nan, hatsin ƙauyuka ya tafi, kuma ni na jawo. Fa ɗin yana ta wajen da iska ke fitowa, shi ya sa aka zaɓe shi, magani ba zai kai can ba. Na ce wa Kawu ya zauna da yadin a naɗe, ya sa ido a kan gaɓar madatsar. In ya ga na ɗaga rigata a kan sanda ina kaɗawa, ya shimfiɗa. In bai gani ba, ko jirgin zai sauko ya roƙe shi, kada ya buɗe.

Ya ce, "Na ji. Tafi."

Mai unguwa yana nan inda na bar shi, dattawan ma sun ƙaru. Na sauka daga babur ko jingine shi da kyau ban yi ba. Na durƙusa, gaisuwar ma a guntule na yi ta, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure a lissafi. Jirgin ba bayan shida zai zo ba. Shida saura minti goma zai iso."

Sai wani daga gefe ya ce, "Ikon Allah. Ɗazu ka ce kaza, yanzu ka ce kaza. To wanne za mu kama, Malam?"

Mai unguwa bai ko dube shi ba. Ya ce, "Wanda ya fi kusa za mu kama. In wannan ma kuskure ne, asararmu dawowa gida da wuri." Ya juya ya ce a kira ladan ya hau lasifika, duk mai babur kuma ya bi ni, don murya ba ta kaiwa bakin ruwa. Ƙaninsa ya ce shi zai zagaya ta bayan kachalar ko akwai masu yankan ciyawa.

Muka isa mashaya da babura shida, biyar da rabi ta ɗan gota. Garke biyar ne a wurin, wasu a cikin ruwa, wasu suna jiran layi. Mata sun fi talatin, da jarkoki da bokitai, an shanya wanki a kan kowane ɗan itace. Muka rarrabu muna ihu muna danna ham. Da farko mutane tsayawa suka yi suna kallonmu, wasu har suna duba rana, don kowa ya san shida da sauranta.

Na hango Inna a durƙushe tana cuɗa ƙwarya da yashi. Na ruga wajenta na ce ta tashi yanzu-yanzu, jirgi na tafe.

Ta ce, "Ba kai ka ce shida ba?"

Na ce, "Ni na ce, Inna. Kuma ni na yi kuskure."

Ta dube ni, duban da ban san iyakarsa ba, sannan ta kife ƙorenta ɗaya cikin ɗaya, ta miƙe ta ɗaga murya. Ban san tana da irin wannan muryar ba. Abin da ham ɗin babura shida suka kasa, ita ta yi shi. Ta kira matan nan kowace da sunan ɗanta na fari, ta ce a bar wankin da bai bushe ba a kwasa a jiƙe, mai jarka biyu ta ɗauki ɗaya a ɗora mata ɗayar a babur. Kafin minti goma layin mata ya miƙe a kan hanyar tudu.

Shanu ne matsala. Saniya mai ƙishi ba ta san sauri ba. Makiyayan suka yi ta kiran manyan shanunsu da ke jan gaba, suna bugun ruwa da sanda, garke ɗaya ya fita, na biyu ya bi. Ina duba agogo har na ji kamar in cire shi in jefar. Tsuntsayen kuma sun fara dawowa, igiya-igiya daga kowace kusurwa, suna zuba cikin kachala da wannan ƙara tasu mai kama da ana soya abu a mai. Ƙanin mai unguwa ya dawo da mutum biyu masu lauje a bayan babur ɗinsa, ya ce ya leƙa ko'ina, babu saura.

Shida saura kwata sai ga ihu daga bakin kachalar. Wata saniya mai tsohon ciki ta firgita da hayaniyar, ta kauce hanya ta afka cikin taɓo har ƙirji. Mai ita maƙwabcin Kawu ne, mutum mai shanu uku kacal a duniya. Ya shiga taɓon ya rungume wuyanta, aka yi aka yi ya fito ya ce wallahi ba inda za shi, in feshin ne a yi da shi. Ban ga laifinsa ba. Na cire agogo na sa a aljihun riga, na tuɓe rigar na rataye a babur, na shiga. Mutum bakwai muka taru. Aka zura igiya ta ƙarƙashin ƙirjinta, wasu suna ja, mu muna tura ta baya muna ƙwaƙule ƙafafunta da hannu. Taɓon ya kai min cinya, takalmina ɗaya ya tafi har yau.

Muna cikin haka na ji ta. Ƙara ce siririya daga arewa, kamar ta injin markaɗe a wani ƙauye mai nisa. Wani ya ce, "Ga shi nan!" Daga baya wani da ke riƙe da waya ya ce min shida saura minti takwas ne a lokacin. Tsinken tsintsiya bai yi ƙarya ba sai da minti biyu.

Jirgin ɗan ƙarami ne, ruwan ɗorawa, ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa har muna ganin tayoyinsa. Ya karkata ya fara zagaye na farko. Ko ƙarar ce ta tsorata saniyar ko addu'ar mai ita ce, Allah ne masani, sai ta yunƙura da kanta, muka ja gaba ɗaya, ta fito tana rawar jiki. Amma fitowa daban, nisa daban. Sai ta wuce wata ƙatuwar ɗorawa da ke kan tudu kafin a ce ta tsira, ga ta da ciki, ga gajiya. Na ce wa mutanen su kora ta, ni kuma na figi rigata da sandar wani makiyayi na haye gaɓar madatsar da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Daga nan ina ganin komai. Ga Kawu can a kan fa, ɗan ƙarami, a tsaye da yadi a hammata. Ga saniya tana tafiya kamar ba ta so, mai ita yana lallashinta. Ga jirgi ya gama zagaye na farko ya shiga na biyu. Hannuna ya ɗaga sandar da kansa har rabi, na mayar da shi. Zuciyata tana cewa ai sun kusa, kafin ya sauko sun wuce. Na ce mata a'a, yau na riga na yi kuskure sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Na tsaya ina ƙirga takun saniya.

Jirgin ya gama zagaye na biyu, ya daidaita fukafukansa, ya mayar da hanci arewa. A daidai nan saniyar ta shige inuwar ɗorawa, mutanen da ke tudu suka ɗaga hannuwa. Na kaɗa rigar nan kamar hannuna zai cire.

Kawu ya warware yadin, iska ta fizge shi. Yadi ne mai tsawo da mutum biyu ma sai sun yi da gaske, ga tsoho shi kaɗai da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa. Na ga ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ɗayan gefen ya tashi sama yana faɗi-tashi. Ya danne nan, can ya kuɓuce. A ƙarshe ya haƙura da shimfiɗawa, ya riƙe baki ɗaya da hannu biyu ya ɗaga sama, ya bar iska ta buɗe sauran. Jirgin kuwa sai ƙanƙancewa yake. Na zauna a kan gaɓar, na ce shi ke nan, Allah ka ba ni bakin da zan yi wa mutanen nan bayani.

Sai ƙarar ta canza. Na ɗaga kai, na ga fiffike ɗaya ya yi ƙasa, ɗaya ya yi sama. Ya juyo.

Ban san lokacin da na fara dariya ba, hawaye na zuba, taɓo har fuska. Daga tudu na ji guɗa da kabbara a haɗe. Na gangara na tayar da babur na bar wurin. Jirgin ya ɗan yi shawagi yana jira ragowar tsuntsayen su shiga, sannan ya sauko daf da kan kachalar ya saki wani farin hazo, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Muna can nesa a kan tudu, kowa ya rufe hanci da gefen mayafi ko hula. Kafin ladan ya kira magariba ya gama ya kama hanyarsa. Na je na sauko da Kawu daga kan fa. Abin da ya ce min kawai shi ne, "Ka ga Innarka ta fita?" Na ce tun tuni, ita ma ta fitar da sauran.

Kwana ukun da suka biyo baya aiki ne na daban. Muka tona ramuka muka binne tsuntsayen da suka mutu, na bi gida-gida ina roƙon kada wanda ya soya ko ɗaya, don mutanenmu ba sa ƙin naman jan-baki. Ba a rasa ko akuya ba. Saniyar nan ta haihu bayan mako biyu, mai ita ya aiko min da ƙwaryar nono har gida, ni da na kusa jawo masa asara. Hatsi kuwa an samu, ba kamar yadda aka sa rai da farko ba, amma rumbuna ba su kwana wayam ba.

Da na je ofis Oga ya tare ni da fara'a. Ya ce matuƙin ya ba shi labari cewa har ya yanke ƙauna, ya waiwaya na ƙarshe ne kawai ya hango wani tsoho yana kokawa da farin yadi. Ya tambaye ni me ya jawo jinkirin. Zan iya cewa saniya ce ta maƙale, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma na ba shi labarin tun daga hoton motar. Ya juya biro a hannunsa, sannan ya ce shi ma da laifinsa, bai kamata ya bar ni da rabe-rabe ba alhali matuƙin na kusa da shi, tambaya ɗaya ce. Daga ranar duk inda za a yi feshi, daga bakin matuƙi ake karɓar lokacin isowa, kuma ba a shimfiɗa yadi sai an ga wuri ya share da ido.

A ƙauyen an ɗan yi min tsiya. Watanni bayan haka in na wuce majalisa sai wani ya ce, "Malam, jirgin yau ta Kano zai biyo?" a yi dariya, ni ma in yi. Amma abin da ya ba ni mamaki, maganata ta fi shiga bayan wannan rana. In na ce a jinkirta shuka ko a canza iri, sai in ji wani dattijo ya ce a bi, wannan in ya yi kuskure da bakinsa yake faɗa. Kawu kuwa, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tayar min da zancen ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa cewa shi ya gano ba. Ni nake faɗa.

Abin da na koya bai tsaya ga cewa jirgi a miƙe yake tafiya ba, wannan ko ɗan firamare ya sani, ni ma na sani a ranar. Na koyi cewa na'ura abin da ka tambaye ta take amsawa, ba abin da kake nufi ba, kuma amsar da ta yi maka daɗi ita ta fi cancanta ka sake dubawa. Tun daga lokacin duk lissafin da ran wani ko abincinsa ya rataya a kai, sai na baje shi a gaban wani, ko da bai san alif ba, in dai ya san ƙasar. Babban darasin kuwa a ƙofar gidan mai unguwa na same shi. Kunyar da na ji da na durƙusa na ce na yi kuskure ba ta kai minti ɗaya ba. Da na guje mata, wataƙila da har yau ina ɗauke da wata wadda ba ta da ranar saukewa.